Tanon da na kawo wa yayana daga arewa

Da za a mayar da ni baya, da ban ɗora tanon nan a mota ba. Na yi aikin lebura a wajen haƙar uraniyom a arewa, kuma wanda ya yi aiki a can ba ya dawowa Dakoro hannu sake. Wasu sun kwaso bututu, wasu kwano. Ni na ɗauko tanon ƙarfe, wato duro, guda biyu daga jujin da ke bayan ma'aikata. Ɗaya na ajiye a gidana, ɗaya na kai wa yayana tsaraba. Shekaru muna shan ruwa a cikinsu, muna yabon kaurin ƙarfen.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a gaban masu gadi da manyan wurin muka fito da su. Akwai masu ilimi a cikinsu, masu yawo da na'urar awo a aljihu. Ba wanda ya buɗe baki. Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma su fa? Sun san abin da aka zuba a tanon nan, suka bar mu muka kai wa iyalanmu.

Sai da ciwon daji ya kama uwargidana, aka tura mu Yamai ana gasa ƙarin da wata na'ura, sannan na ji bayani. Na tambayi likitar yadda hasken da ba a gani yake kashe ƙari. Ta ce: "Baba, a cikin kowace ƙwayar jiki akwai wani zare siriri da ke riƙe da tsarin halittarta, muna ce masa ADN. In hasken ya ratsa jiki, yana tarwatso wasu ƙananan abubuwa, ilektoron. Da yawansu ba su da ƙarfi, amma suna manne wa zaren su tsinka shi."

Na ce, marasa ƙarfin ne ke ɓarna?

Ta ce: "Kai manomi ne. Farar dango mai ƙarfi ta sama take wucewa. Wadda ta gaji ta sauka, ita ke cin gero. Mu a nan muna auna shi, mu saita shi kan ƙarin kawai. Wanda ba a auna ba shi ne abin tsoro, musamman in ƙurar abin da ke fitar da shi, irin su uraniyom, ta shiga ciki."

Nan na ba ta labarin tanon. Na ce, shi ya jawo wa matata ciwo? Ta ce ba ta sani ba, ba kuma wanda zai iya rantsuwa a kai, amma kada a ƙara sha a ciki.

Nawa na binne shi nesa da rijiya. Saura na yayana, can wajen Adjekoria, inda jikokinsa ke tsoma moɗa kullum. Na je na durƙusa na yi masa bayani. Ya yi dariya.

"Kai da tsufanka za ka karɓe kyauta? Ƙarfe ya yi tsada ko?"

"Yaya, wallahi ba haka ba ne. Na zo maka da na roba sabo."

"Ajiye robarka. Tun kafin a haifi uban yaran nan nake sha a ciki. Ka ga na mutu?"

Ƙaramar jikarsa ta zo ta ɗebi ruwa a gabana ta sha. Ban san lokacin da na ɗauki gatarin da ke jingine da rumbu ba. Na sari gindin tanon har ruwan ya malale tsakar gida. Matan gidan suka sa salati. Yayana ya miƙe ya shige ɗaki.

Har yau ba ya amsa gaisuwata, ko a wajen jana'iza. An ce mini dai a tanon roba suke sha, na ƙarfen kuma ɗansa ya binne.

Ku da ke tafiya arewa neman abinci, don Allah in kun ga ƙarfe a jujin ma'adinai, ku bar shi a inda yake. Ku kawo wa ƴan'uwanku dabino.