Audugar Baba da Ƙofa Mai Allurai Tara

Na taɓa kashe kwamfuta da gangan, na ɗora wa dattijo laifin. Gara in faɗa tun daga farko, don kada mai karatu ya yi nisa yana ganina da mutunci.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa, a ɗakin awo. Idan an gama jeme fatar akuya, an busar da ita, sai a kawo mana mu auna faɗinta kafin a ɗaure ta a kai wa masu saye. Injin awon dogon tebur ne mai bel da ke jan fata. Ka shimfiɗa fata, ta shige ta fito, shi kuma ya aika lissafin ƙafa nawa ne faɗinta zuwa laftof ɗin da ke gefe. Injin ya girme ni. Laftof ɗin ma ba yarinya ba ce: baƙa ce, mai kauri kamar burodi biyu, idan ta ɗauki zafi sai ta yi ta huci. A bayanta akwai ƙofofi iri-iri, har da wata mai 'yan allurai tara, kuma nan ne wayar injin take shiga, a murɗa mata ƙusoshi biyu.

Mu biyu ne a ɗakin. Ni ke kan kwamfuta, saboda na gama sakandare kuma na iya cewa "system" da ƙarfi. Mai shimfiɗa fata kuwa wani dattijo ne mutumin Jigawa, kowa Baba yake ce masa. Tun ana awo da hannu yake wurin. Shi kuma Injiniya yake kirana, amma da irin muryar da ake kiran kare Sarki.

Baba yana da wata al'ada. Kullum idan za mu tashi, sai ya zare wayar injin, ya ciro auduga daga aljihun rigarsa, ya toshe kowace ƙofa ta laftof ɗin, ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai yi wa jariri kwalli. Da safe ya cire. Dalilinsa biyu: ƙurar fata da ke shigowa daga ɗakin guga, da zanzaro. Zanzaron Challawa ba ya ganin rami ya wuce. Ya taɓa gina gida a cikin makullin ofishin manaja, ya taɓa ginawa a bakin butar masallacin ma'aikata.

"Baba, wannan fa ba kunnen mutum ba ne," nakan ce.

"Na sani, Injiniya. Kunnen mutum ai ko an toshe ko ba a toshe ba, wani ba ya ji."

Abin da ya lalata ni shi ne wani abokina da ke aiki a wani sito a Bompai. An ba shi laftof sabuwa, siririya, fara ƙal, yana riƙe ta a hammata kamar littafin makaranta. Muka shiga adaidaita sahu tare, ya buɗe ta a kan gwiwa ba don komai ba, fasinjoji suna leƙe. Tun daga ranar na tsani tamu. Na je wurin manaja na ce ta tsufa, ya ce shi ma ya tsufa kuma yana zuwa aiki.

Wata Asabar, Baba ya fita alwalar Azahar, na kifa ta, na kwance ƙusa ɗaya a cikinta, na ɗan zare ram ɗin, wato ɗan farantin da take riƙe tunani da shi, na mayar da murfin. Da aka kunna, sai ƙara take tit, tit, fuskarta baƙa ƙirin.

Manaja ya zo ya tsaya a kanta, hannu a baya.

"Me ya kashe ta?"

Ban shirya wa tambayar ba. Na duba nan, na duba can, sai idona ya faɗa kan audugar da ke leƙowa daga aljihun Baba.

"Yallaɓai, numfashi aka hana ta. Ana cusa mata auduga kullum, zafi ya taru ya ƙone ta."

Ko ni na san da rana ba auduga a jikinta. Manaja bai sani ba. Ya ce Baba ya koma wurin jiƙo, inda ake tsoma ɗanyar fata cikin ruwan farar ƙasa don gashi ya zube, kuma idan wata ya ƙare za a duba ko har yanzu ana bukatarsa. Aikin matasa ne, warinsa kuma ba ya fita da sabulu ɗaya. Baba ya dube ni sau ɗaya, ya ɗauki butarsa ya fita.

Sabuwar laftof ta iso bayan kwana huɗu. Wallahi kyakkyawa ce. Na shafa ta, na ɗauke ta hoto, na tura wa abokina na Bompai. Sannan na ɗauko wayar injin, na juya ta dama, na juya ta hagu. 'Yan huji biyu ne kawai a jikinta, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba. Na duba har ƙasanta, ko an ɓoye wata ƙofar.

Na tafi kasuwar 'yan waya da kan wayar a leda. Mai shagon ya juya shi a hannu, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani.

"Oga, wannan daga gidan tarihi ka sato shi?"

"Na injin aiki ne."

"To ku sayi sabon inji mana."

Ya haɗa mini adafta uku, wannan ta shiga wannan, waccan ta shiga waccan, suna reto a gefen tebur kamar jelar ɓera. Ranar farko suka yi aiki awa biyu. Daga nan, duk lokacin da bel ya girgiza teburin sai haɗin ya yanke. Fata goma za su wuce, kwamfuta ta rubuta bakwai. Na ɗaure su da salatif, na tokare da dutse, har addu'a na tofa musu, ni da na yi ƙarya ranar Asabar. Fatu suka taru har bakin taga. Mai saye ya turo ya ce motarsa za ta zo ranar Alhamis, manaja kuma ya fara shigowa ɗakin ba sallama.

Ranar Talata na tarar da Baba a bakin famfo yana alwala. Bayan hannunsa ya tsattsage, farar ƙasa ta cinye gefen faratansa, yana zuba ruwa a hankali yana cije leɓe. Saura kwana shida wata ya ƙare.

"Sannu, Baba."

"Yawwa, Injiniya. Yaya amarya? An ce ba ta magana da dangin miji."

Zan so in ce tausayi ne kaɗai ya kai ni ofishin manaja. Akwai tausayin. Amma motar Alhamis ma tana ciki, kuma ban san wanne ya fi nauyi ba har yau. Na shiga na faɗi komai: ƙusar, ram ɗin, adaidaita sahu, har hoton da na tura. Manaja ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar, ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya yi wa kansa asiri ya kama shi da wuri haka ba.

"Yallaɓai, ina tsohuwar take?"

Ya ce an jefa ta siton kamfani tun ranar. Na kuwa san siton nan. Zanzaro ne ke mulkinsa. Mako biyu da ɗoriya a can, na tabbata kowace ƙofa ta zama ginin laka, allurai taran sun ci tsatsa.

Mai sito ya miƙo ta daga saman kanta, naɗe cikin buhu. Ya ce Baba ne ya zo da yamma ranar da aka kore shi daga ɗakin awo, ya roƙa a ba shi minti biyar da ita. Na warware buhun. Kowace ƙofa da audugarta. Na zare ta mai allurai tara, suna ƙyalli, ba ko ɗaya da ta lanƙwashe.

Aka kira Baba. A gabansa da manaja na kifa ta, na tura ram ɗin ya koma mazauninsa. Ta yi huci, fuska ta kawo haske. Na murɗa ƙusoshin wayar, Baba ya shimfiɗa fata ɗaya, lissafi ya fito.

"Baba, ku yafe mini. Na zalunce ku."

"Na yafe. Amma in za ka sake, ka riƙa ɗaure ƙusar ƙasan nan da kyau. Tun ranar na gan ta a sake."

"Kun sani, kuka yi shiru?"

"In ce me? Kai ne mai Turanci."

An auna fatun, motar ta tafi ranar Alhamis da yamma. Baba ya dawo kan teburinsa. Ni aka tura wurin jiƙo na mako uku, ina zuwa ɗakin awo da safe kawai in kunna masa kwamfuta, yana matsawa gefe yana toshe hanci da sauran audugarsa. A gida matata ta ware mini kwano, ta ce sai na daina warin akuya.

Sabuwar laftof tana ofishin manaja, yana rubuta wasiƙu da ita, kuma ta dace da aikin, ban ƙi ta ba. Sai dai idan na ji masu sayar da kaya suna cewa tsofaffin ƙofofin nan ba su da sauran amfani, nakan tambaye su ko sun taɓa shiga ɗakin awo a Challawa. Injinan da ke ciyar da mu ba a canza su duk shekara, kuma da bakin da aka haife su da shi suke magana.

Baba ya koma gona a garinsu bara. Ya bar mini ledar auduga a cikin durowa, ba ko wasiƙa. Kullum idan za mu tashi nakan toshe ƙofofin, in fara da mai allurai tara. Manaja ma ya aiko a yaga masa kaɗan, wai ya ga zanzaro yana zagaya tasa.