Daɓen da Na Yi wa Wasu

Shekarar da fam ya tafi naira ta zo, farin nan ma bai gama sakinmu ba, aka fara gina gidajen a bakin hanyar Kano, kafin a kai gada. Aka ce na ma'aikatan da suka kusa ajiye aiki ne. Malam, maigidana, hedman ne na masu gyaran hanya, gemunsa duk furfura. Aka nuna masa na ƙarshen layi, aka ce nasa ne.

Na je na gani. Bulo da kwano, har da famfo, amma tsakar gida rairayi zalla. Ni kuwa ban taɓa shanya hatsi a kan rairayi ba, kuma ba da tsufana zan fara ba. Na aika Indabo, garinmu, na gayyato mata su zo mu yi daɓe. Muka zuba tsakuwa, muka yayyafa ruwan makuba, muka yini muna bugu ana waƙa, na cika su da dambu. Ɗakina na gidan gandu kuwa tuni na bar wa matar ƙanin Malam. Har tsokanarta na yi, na ce, "Shiga abinki, ni na zama 'yar gidan kwano."

Daɓe ya bushe, ya yi baƙi sumul. Ran da na kai tukwanena, sai na tarar an fasa katanga, ga mota a kan daɓen, baƙin mai yana ɗiga. Wata matashiya ta leƙo ta ce, "Iya, aiki kike nema?" Ashe mijinta aka ba gidan, babban ma'aikaci ne daga Kano, ko furfura ɗaya ba shi da ita.

Na juyo da tukwanena. Na ce, "Malam, yaushe ka sani?"

Ya ce, "Tun kafin ki aika Indabo."

"Ka zuba ido na tara matan garinmu?"

"Na ga kina murna ne."

Wallahi abin da hukuma ta yi bai ci mini rai kamar wannan ba. Ban roƙi ɗakina ba. Na share ɗakin ajiyar hatsi na zauna. Tuwonsa bai taɓa makara ba har Allah ya karɓi ransa, amma ban ƙara tambayarsa komai ba.

Cikin mutanen wancan lokaci saura mai ba mu waƙa ran daɓe, ta makance tana Kausani wajen ɗanta, da direban da ke kai su Malam aiki, wanda shi ma ya sani. Sai ni.