Dabo da Hanyar 'Yan Itace

A ƙauyenmu da ke bayan Kazage, duk namijin da ya zo gidan aure a zaure yake tsayawa ya yi sallama, in ban da Dabo. Shi kai tsaye yake shigowa tsakar gida da farantin alala a ka, yana cewa, "Ina matan gidan? Ko an yi ƙaura ne ba a gaya mini ba?" Ba mai hana shi, don mazan garin ba su ɗauke shi namiji ba. Ɗan daudu ne, kuma ɗan talakawa tilis, da sayar da itace uwarsa ta rene shi.

Tun yana ƙarami, in 'yan'uwansa maza sun saɓi fartanya, shi gammo yake naɗawa ya bi uwarsa daji. Ubansa ya dake shi har ya gaji ya bari. Ya girma hannunsa ya iya dambu da alala, bakinsa ya iya habaici, in yana gaban murhu kuma zane yake ɗaurawa a kan wando. Maza su ci girkinsa har da suɗe kwano, amma in ya miƙa hannu a gaisa sai su kau da kai. Maigidana Wakili, wanda ke riƙe wa dagaci ƙauyen, ko sallamarsa da ƙyar yake amsawa.

Ni kuwa Raliya 'yar kulle ce, shekara tara da aurena ban taɓa taka bayan gari ba, kuma har taƙama nake da haka. In matan talakawa sun wuce da itace a ka, Dabo a tsakiyarsu ana ta shewa, ta kafar katanga nake leƙensu ina tausaya musu. Ashe ni ce abar tausayi.

Wata ranar kasuwa da hantsi, maza duk sun tafi, muka ji harbi daga gabas. 'Yan bindiga ne a kan babura. Matan itace nan da nan suka shige daji, kowacce ta san inda za ta sa ƙafa. Mu matan manya muka tsaya cirko-cirko, hanyar mota kaɗai muka sani, kuma ta nan maharan ke tahowa. Na dafe cikina na wata takwas, ɗan da na yi shekara tara ina roƙon Allah ya ba ni.

Sai ga Dabo yana haki. Ashe ya riga ya tsira, ya tuna da mu ya juyo.

"Uwar ɗakina, yau ba ranar kunya ba ce," in ji shi. "Yar da takalmin nan, tattare zane. Inna, kama hannuna."

Inna surukata ce. Ya bi gida huɗu, ya fito da mu mata goma sha ɗaya da 'ya'yanmu ta wata ɓarakar shinge.

Har gobe in na tuna tafiyar nan sai tsigar jikina ta tashi. Ni itace kawai nake gani ko'ina, shi kuwa kamar a tsakar gidan uwarsa yake. A kaɗanyar da aradu ta tsaga ya yi da mu dama. Ya sa muka bi ta cikin rafi don kada a ga sawunmu. Ya tsinko ɗinya ya cusa wa yara a baki suka yi shiru. Da ƙafafuna suka ƙi, ya kwance zanensa ya tallafe mini ƙasan ciki da shi, ya ɗaure tam a baya.

"Haka matan itace ke yi in ciki ya tsufa," ya ce. "Tashi, ba a haihuwa a kan kunama."

Na yi dariya ina kuka. Da la'asar muka fita titi, wata motar kaya ta kawo mu Birnin Gwari.

Bayan sati uku na sauka a gidan ƙanin maigidana, aka sami namiji. Wakili ya aika wa Dabo buhun masara, amma bai kira shi zaure raɗin suna ba. A bayan gida ya wuni yana tuƙa mana tuwo. Maza suka raɗa wa yaro Muttaka.

To amma ɗan fari uwa ba ta faɗin sunansa, sai ta sa masa wanda za a riƙa kira. Inna ta tambaye ni a gaban mata, "Me za mu ce da shi?"

Na ce, "Dabo."

Can Inna ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Dabo ya ajiye muciya ya zauna a ƙasa, karo na farko da na ga bakinsa ya mutu.

Wakili ya yi wata shida yana kiran Muttaka shi kaɗai, yaro ko waiwaye. Yanzu shekararsa biyar. Kullum da safe ubansa yakan miƙa masa hannu a zaure ya ce, "Dabo, zo mu gaisa."