Dusa a Gemun Zaki

Daga Gumel har Maigatari babu maigidan da ya kai ni kwarjini. In na yi gyaran murya a zaure, har kaji sai sun nutsu. Haka nake faɗa wa 'yan majalisarmu. Sai aka yi wa mai ɗakina aiki a asibiti, likita ya hana ta ɗaga ko ludayi.

'Ya'yanmu duk maza ne ƙanana, danginta kuma suna can cikin Nijar. Ni kuwa dillalin awaki ne. In na tafi kasuwa, gida ya wuni da yunwa. In na zauna, abokan sana'a su kwashe masu saye, su kuma kira ni mijin-ta-ce. Sai na riƙa sa wa ƙofa sakata, ina surfa gero kamar ɓarawo, ina tarin ƙarya don kada maƙwabta su ji turmi.

Wata rana na fito majalisa ina cika baki cewa namijin ƙwarai ba ya taɓa taɓarya. Wani dattijo ya ƙare mini kallo, ya ce, "Gaskiyarka, zaki. Amma karkaɗe dusar da ke gemunka tukuna."