An Ce Ƙwarnafi Ne, Ashe Zuciyar Inna Ce

Akwai ranar da ko zan manta da sunana ba zan manta da ita ba. Ita ce ranar sunan ɗan yayana na fari, a gidanmu da ke Kusfa cikin birnin Zariya, zamanin da ake fama da wahalar man fetur a shekarun casa'in. Kuma in gaya muku gaskiya, har yau idan na tuna ta ba kuka ne ke fara zo mini ba, fushi ne.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare, ina aure a Tukur-Tukur. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, don haka gida yana hannun yayansa da muke kira Baffa, tsohon ma'aikacin gwamnati mai mota da faɗa a ji. Akwai kuma ƙanwarsu, Goggo, wadda cikin gida ba a ɗaga ko tsinke sai da saninta. Ita kuwa Inna, mahaifiyarmu, mace ce da ba ta san zama ba. Ta ɗan haura hamsin, tana da jiki, an taɓa ce mata tana da hawan jini, amma duk bikin da za a yi a unguwa ita ce a kan tukunya. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta kwanta da rana ba.

Daga baya na ji cewa tun ana saura kwanaki suna take faɗin jikinta ba daɗi. Ta gaya wa Goggo cewa idan ta ja guga ɗaya a rijiya sai ta zauna ta yi haki. Ta gaya wa Baffa da ta je gaishe shi cewa wata irin gajiya ce ke danne ta, barci ma ba ya yiwuwa. Amsar da suka ba ta ɗaya ce: hidima ce, in an gama suna za ta warware.

Na iso gida da hantsi, an riga an raɗa suna, mahauci yana fiɗar rago a bayan zaure. Tsakar gida cike da mata, hayaƙi ko'ina. Na hango Inna a gaban babbar tukunya tana tuƙin tuwo. Ina kallonta ta saki muciya a cikin tukunyar, ta ja da baya ta zauna a kan wani turmi da aka kifa. Na je na kama hannunta, sai na ji shi sanyi ƙalau, ga zufa tana tsiyaya daga goshinta har wuya. Fuskarta ta yi fari-fari kamar an shafa toka.

Na ce, “Inna, lafiya?”

Ta ce, “Muƙamuƙina ne, kamar ana zare mini haƙora. Ga bayana, nan tsakanin kafaɗu, kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Numfashin ma ba ya isata.”

Kafin in ce wani abu ta sunkuya ta yi amai a gefen magudana. Goggo ta taho tana gyara ɗaurin zane, ta dube ta sau ɗaya ta ce ƙwarnafi ne, ai ta ga lokacin da ta ci waina da mai cikinta wayam. A jiƙa mata kanwa. Wata kuma ta ce a'a, hayaƙi ne ya bugar da ita. Kowace ta kawo nata, babu wadda ta ce asibiti.

Ni ma a lokacin ban san sunan abin da nake gani ba. Abin da na sani kawai, matar da ba ta taɓa barin tukunya a kan wuta ba yau ta bari. Na yafa mayafi na je bakin ƙofar zaure na yi sallama, na durƙusa har Baffa ya fito, ransa a ɓace don na tashe shi daga cikin baƙi.

Na ce, “Baffa, Inna ce ba lafiya. Don Allah a taimaka da mota a kai ta asibiti.”

Ya ce, “Ta faɗi ne?”

Na ce ba ta faɗi ba, na lissafa masa abin da take ji. Ya yi wani ɗan murmushi da har gobe ba zan yafe ba.

“Ciwon haƙori da ciwon baya za a tayar da mota? Kin san layin da aka bi kafin a sami ɗan man da ke cikinta? Da shi za a mayar da surukai gida in an watse. Ku mata ba a taro sai kun kawo abin da zai ɗaga hankali. Je ki a ba ta magani ta kwanta.”

Wannan Baffan fa, shekara ɗaya kafin nan ya taɓa dafe ƙirji bayan cin abinci ya yi nishi sau biyu. Kafin ka ce kwabo gida ya hargitse, maza uku suka ɗauke shi cak zuwa mota, mata na salati. Aka je aka duba, ashe wake ne ya kumbura masa ciki. Babu wanda ya ce masa ya ɗaga wa mutane hankali. Shi namiji ne, ya dafe ƙirji, kowa ya gane. Ita kuwa da ta zo da nata ciwon ta wata ƙofar, sai aka ce raki ne.

Na koma na kama Inna, wata maƙwabciyarmu ta riƙe ɗaya hannun, muka bi lungu da ƙafa zuwa titi. Tafiyar da kullum take yi ba ta ko duba ƙasa, ranar sai da muka riƙa tsayawa tana jingina da katanga. Da ƙyar muka sami tasi, ya kai mu wani ɗan asibitin kuɗi da ba shi da nisa.

A nan ne aka ƙarasa mu. Likitan saurayi ne, yana rubutu muka shiga, yana rubutu muka fita. Ya tambaye ta, “Hajiya, ƙirjinki yana ciwo?” Ta ce ba ciwo ba ne sosai, nauyi ne kawai, da wani ƙuna a saman ciki. Ya ce, “To olsa ce, da damuwa. Ku mata kun cika sa abu a rai.” Ko abin sauraron ƙirji da ke rataye a wuyansa bai ɗora mata ba. Na ce, “Likita, tana da hawan jini fa, dubi zufar da take yi.” Ya ɗago ya dube ni a karo na farko ya ce, “Malama, ke ce likitan ko ni?” Ya ba mu wani farin magani mai kauri a kwalba, ya ce ta rage yaji.

Muka dawo gida da kwalba a hannu kamar waɗanda suka yi laifi. Baffa yana ganinmu daga zaure ya ce, “To, me na ce?” Goggo kuwa cewa ta yi bai kamata kakar jariri ta kwanta a ɗaki mutane na zuwa barka ba, za a ce ba ta murna. Na ce a bar ta ta huta, aka ce ba ni da kunya. Inna da ba ta son a yi faɗa a kanta ta ce, “Bari, 'yar nan, zan iya.” Aka shimfiɗa mata tabarma a rumfa ta zauna tana amsa gaisuwa, tana murmushin dole, hannunta ɗaya yana tallafe da haɓa. Ina zaune kusa da ita ina jin yadda numfashinta ke fita sama-sama.

Da aka kira la'asar ta yi alwala ta tayar da salla. A raka'a ta biyu ta yi sujada, ta yunƙura za ta tashi, sai kawai ta kife gefe.

Sai ga mai ya samu. Sai ga mota ta tashi. Sai ga mazan da tun safe suke zaune suna cin nama sun shigo har tsakar gida suna neman hanya. Aka kai ta babban asibiti a wajen ganuwa, sashen da ake karɓar masu neman taimakon gaggawa. Wata likita dattijuwa ta karɓe ta, ta sa aka manna mata wayoyi a ƙirji, na'ura ta fitar da wata doguwar takarda mai zane-zane. Likitar ta duba, ta juyo ta tambaye ni tun yaushe abin ya fara. Na ba ta labari tun daga gajiyar kwanakin baya har zuwa kwalbar farin magani. Sai ta ce, “Wa ya mayar da matar nan gida?”

Ita ce ta fara gaya mini cewa bugun zuciya ne, jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe. Ta ce mata da yawa ba sa dafe ƙirji su faɗi kamar yadda mutane suka saba ji. Nasu yakan zo ne a ɓoye, da irin alamun da Inna ta yini tana faɗa. Ta ce rai na Allah ne, ba za ta yi mini alkawarin abin da ya wuce ba, amma tun safe naman zuciyar yake mutuwa kaɗan-kaɗan, kuma da an kawo ta da hantsi, da akwai abin da za su gwada.

Inna ta farfaɗo ta gane mu. Abin da ta fara tambaya shi ne ko an sallami baƙi da abinci. Bayan kwana biyu Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku ina shigewa ta bayan zaure na jiyo muryar Baffa yana gaya wa masu ta'aziyya, “Wallahi farat ɗaya abin ya zo. Mace ce mai zurfin ciki, ai da ta faɗa mana da an yi wani abu.” Ban san lokacin da na ɗaga labule ba. A gidanmu mace ba ta magana a zaure, ni kuwa ranar na yi. Na ce, “Baffa, ta faɗa. Ta faɗa maka, ta faɗa wa Goggo, ni ma na durƙusa a nan na faɗa. Ji ne ba a yi ba.” An daɗe ana cewa na yi rashin ɗa'a, har aka kai ƙarata wurin mijina. Ban ba da haƙuri ba, kuma ban yi nadama ba.

Kada wani ya ce ban yarda da ƙaddara ba. Na yarda, kwanan Inna ne ya ƙare. Amma ƙaddara ba mayafi ba ce da za a lulluɓe sakaci da ita. Wanda ya hana mota da wanda ya ƙi ɗora abin awo a ƙirjinta, kowa zai amsa tambayarsa.

Abin da ranar nan ta koya mini shi nake gaya wa duk macen da ta zauna kusa da ni, musamman wadda al'ada ta ɗauke mata, ko mai hawan jini, ko mai ciwon suga. Idan gajiyar da ba ki saba ba ta danne ki, ki je a duba ki tun kafin ta yi nisa. Idan kuwa kika ji numfashi yana yanke miki, ko zufa mai sanyi ta keto miki, ko tashin zuciya da jiri, ko nauyi a ƙirji, ko ciwo yana bin muƙamuƙi da wuya da baya da hannu, to ba lokacin jiƙa kanwa ba ne, ba kuma lokacin jiran a watse daga taro ba. A tafi babban asibiti nan take, da kowace irin mota aka samu. A buɗe baki a ce wa likita, “Muna so a auna zuciyarta.” In ya raina maganar, ko ya sallame ku alhali jiki bai sauya ba, a wuce gaba, kada a koma gida.

An koya mana haƙuri, an koya mana kunya, an koya mana cewa mace ta gari ba ta raki. Duk na ji. Amma gara a yi miki dariya a asibiti a ce babu komai, ki dawo gida da ƙafarki. Kunya tana wucewa. Uwa kuwa in ta tafi, ta tafi ke nan.