Dariyar Da Muka Yi Da Marigayiya

Ina cikin dariya har tari ya sarƙe ni, sai Hajara ta karɓe wayar daga hannuna.

'Yata ce. Ita ta kawo ni birnin Guangzhou na ƙasar Sin neman maganin ƙafa. Kullum tana kasuwar Zhanxi Lu wajen sarin takalma, ni kuma ina ɗaki ni kaɗai. Shi ya sa na roƙe ta ta nemo mini wani tsohon wasan barkwanci na Turawan Ingila, wanda muke kallo da marigayiya mahaifiyarta a Kaduna, tun talabijin ba ta da kala.

A ciki wani Bature ne ya shafa baƙi a fuska, ya naɗa rawani, yana kwaɓa Turanci.

Ta ce, "Baba, mu fa yake kwaikwaya."

Na ce, "A'a, Ba'indiye ne."

Ta ce, "A wurinsu duk ɗaya muke. Ko su can sun daina nuna irin wannan, kunyarsa suke ji."

Marigayiya ba ta jin Turanci, ni nake fassara mata, ta yi ta dariya tana dukan kafaɗata. Duk lokacin da na tuna ta, a wannan dariyar nake ganinta. Yanzu an ce mini kanmu muke yi wa dariya ba mu sani ba.

Hajara ta mayar mini da wayar kafin ta fita. Tun safe wayar take gefena, na kasa kunna wasan, na kasa goge shi.

Jama'a, ku da kuka fi ni sanin zamani, in ci gaba da kallo ko in haƙura?