Yaƙin Malam Hudu da kalmar "fine"

Shekara bakwai ke nan da muka rasa mahaifinmu, Malam Hudu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci a firamare, daga Gagarawa zuwa Ɗanzomo, har ya dawo gida Gumel. Yayana Nasiru ne ya saba rubuta 'yan kalmomin tunawa da shi. Bana na ce a bar mini, don a 'yan makonnin nan ba muryar da nake ji a kunnena kamar tasa. Ku yi haƙuri da rubutun.

Duk wanda ya zauna a ajin Baba ya san yana da abokiyar gaba guda a Turanci, wato "fine". In ya shiga aji da safe ya tambayi yara yadda suke, sai su haɗa baki su rera masa ita. Sai ya riƙe ƙugu ya ce, "Ikon Allah! Aji guda cur, ba mai jin yunwa, ba mai ciwon haƙori? Kai Sani, majina har haɓa, kai ma fine ne?"

Ba raina kalmar ya yi ba. Yakan ce ai 'yar babban gida ce, mu ne muka sa ta aikin banza. Da ita ake yabon atamfa mai kyau, da garin da aka tankaɗe ya yi laushi, da sama in ta washe bayan ruwa. Mu kuwa mun mayar da ita ƙyaure, muna rufe wa mai tambaya a fuska. Kuma tana da dangi, kowa da gurbinsa: "well" ta mai ƙoshin lafiya ce, "better" ta wanda ya fara tashi daga jinya, "all right" ta mai lallaɓawa. "Excellent" kuwa sai ranar da Umma ta yi dambu da zogale.

A gida abin ya fi armashi. Bai hana mu cewa lafiya lau a gaisuwa ba, wannan ladabi ne. Amma in an zauna shan koko, sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi kalmar da ta dace da shi ranar, da Turancinta da Hausarta. Wanda ya kuskura ya ce "fine", shi ke share turken awaki. Umma ba ta yi boko ba, kalma ɗaya tak ta riƙe, "tired", kuma kullum ita take ba shi. Sai ya yi dariya ya ce, "Ke kaɗai ce mai gaskiya a gidan nan," ya tashi ya ja mata ruwa a rijiya. Sai da na girma na gane ba Turanci yake koya mana ba. In ka ce yunwa, a ƙara maka ƙosai. In ka ce damuwa, ya ja ka soro ku yi magana.

Da zai leƙo yau ya ga yadda muke tura wa juna kalmar a waya, tun kafin mai tambaya ya rufe baki, da turken awakinmu ya fi na kowa tsabta a Gumel. Ni ce ma zan fara ɗaukar tsintsiya.

Ina koyar da ƙananan yara a wata makarantar kuɗi a Maigatari, kullum ina bin mota. Watan jiya taya ta fashe mana a hanya, motar ta faɗa gonar riɗi ta kwanta a gefe. Alhamdu lillahi ba wanda ya rasu, ragon da ke but ɗin motar ma fitowa ya yi ya kama kiwo. Ƙurjewa kawai na yi. Amma tun ranar, ko ƙofa aka buga sai gabana ya yanke ya faɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Nakan shirya in je tasha, da na ji ƙarar inji sai ƙafafuna su ƙi, in dawo in ce wa Umma ƙafa ce ta motsa. Masu zuwa jaje in ce musu lafiya lau, ƙawaye a waya in tura musu waccan kalmar. Har shugabar makarantarmu ta aiko cewa in ban dawo ran Litinin ba, za a ba wata ajina.

Na samu Umma tana ɓarar gyaɗa, na zauna kusa da ita. Da ƙyar na ce, "Umma, ƙafata lau take. Tsoro nake ji."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na sani mana. Mai ciwon ƙafa ba ta canza ƙafar ɗingishi kullum. Jira nake ki faɗa da bakinki. Ran Alhamis zan je Maigatari sayen kanwa, ke za ki raka ni."

Muka shiga mota ran Alhamis, ranar kasuwa, na ƙanƙame hannunta, ba addu'ar da ban karanto ba. Direban ya dubi Umma ya ce, "Hajiya, ba iyalin Malam Hudu ba ce?" Sannan ya hango ni ta madubi. "Ƙanwata, yaya kike? Kar ki ce mini waccan, saboda ita na sha sharar aji a Ɗanzomo."

Na ce masa, "Afraid."

"Madalla, kin ci. Yau ƙwai na ɗauko."

Ya riƙa tafiya a hankali, har wani dillalin shanu ya fusata. "Direba, a haka ai sai mu tarar kasuwa ta watse!"

"Alhaji, ga raƙuma can, sauka ka hau."

Motar ta kwashe da dariya, na tsinci kaina ina yi, hawaye na zuba.

Baba bai bar gona ba, bai bar shago ba. Kekensa ma tsatsa ta cinye. Abin da ya bari yana warwatse a tashoshi da kasuwanni daga Gagarawa har Sule Tankarkar: mutanen da in sun tambaye ka yaya kake, sukan tsaya su ji amsa, kuma su yi wani abu a kai. Ban san gadon da ya fi wannan auki ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.

Tsoron bai tafi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Umma ta ce ba za ta sake raka ni ba, kanwar da ta sayo za ta kai ta baɗi. Ran Litinin ni kaɗai zan je tasha. Ku sa ni a addu'a, motar ta tashi ina ciki.